MECE CE KARMA? BAYANI A KAN KOYARWAR BUDA GAME DA AIKI DA SAKAMAKONSA

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu girma, akwai wata baƙuwar kalma da ta shigo bakin samari da 'yan matan Kano a 'yan shekarun nan, har tana nema ta zama 'yar gida. Kalmar kuwa ita ce "karma". In wani ya cuci wani, bayan kwana biyu ya faɗi da babur, sai ka ji an ce, "Ai karma ce ta kama shi." In yarinya ta cika girman kai a aji, jarrabawa ta zo ta kayar da ita, sai a yi shewa a ce karma. Amma da za ka tare masu faɗin kalmar nan ka tambaye su daga ina ta fito, da abin da masu ita suke nufi da ita, da ƙyar ka sami ɗaya cikin goma da zai ba ka amsa. Hausawa kuwa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Saboda haka na ga ya kamata in yi amfani da wannan fili in bayyana asalin kalmar, da yadda addinin Buda ya koyar da ita, da inda ta yi kama da abin da muka gada, da kuma inda muka rabu da ita.

Wataƙila wani daga cikin iyayenmu ya ce, me ya kai ɗan Musulmi, ɗan unguwar Kabara ma, binciken addinin wasu mutane da ke bayan teku? Amsata ita ce, unguwarmu da ma unguwar bincike ce. Sunanta kansa ya taso ne daga garin Kabara, mashigar jiragen ruwa ta Tumbuktu, inda Malam Umaru Kabara ya fito, kuma a nan Shehu Nasiru Kabara ya zauna yana karantarwa yana wallafa littattafai har Allah Ya karɓi ransa a 1996. Manyan malaman Musulunci na da ba su ɗauki sanin aƙidar wasu a kan laifi ba. Abu Raihan al-Biruni ya koyi harshen Sanskirit, ya rubuta babban littafi a kan mutanen Hindu da addininsu wajen shekara ta 1030. Al-Shaharastani, wanda ya rasu a 1153, ya kawo labarin mabiya Buda a littafinsa na addinai da ƙungiyoyi mai suna Al-Milal wan-Nihal. Kai, ko Ja'afaru Barmaki, wazirin Haruna Rashidu da muke jin labarinsa a Dare Dubu da Ɗaya, kakanninsa su ne masu kula da wani babban gidan ibadar Buda da ake kira Naubahar a garin Balkh, cikin ƙasar Afganistan ta yau, kafin su musulunta. Sanin abu daban, binsa kuma daban.

Wane ne Buda?

Buda laƙabi ne, ma'anarsa "wanda ya farka". Sunan mutumin Siddatta Gotama, ɗan wani shugaba na ƙabilar Sakiya. An haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yanzu. Tsofaffin littattafan tarihi kan ce ya rayu daga 563 zuwa 483 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), amma masana na baya-bayan nan sun fi karkata ga wajen 480 zuwa 400. Ko ta wace hanya aka ƙirga, ya riga Manzon Allah (S.A.W.) zuwa duniya da kimanin shekara dubu.

Mabiyansa sun ce ya tashi cikin gata, ba ya ganin komai sai daɗi, har ranar da ya fita gari ya ga tsoho tukuf, da majinyaci, da gawa, da wani mai gudun duniya. Abin ya dame shi ƙwarai. Yana da shekara 29 ya bar gida da dukiya ya shiga daji neman sanin dalilin wahala da maganinta. Yana da shekara 35, a gindin wata bishiya a wurin da ake kira Bodh Gaya, ya ce ya sami abin da yake nema. Ya yi wa'azinsa na farko a Sarnat, kusa da birnin Banaras, ya ci gaba da yawo yana koyarwa shekara 45, ya mutu yana da shekara 80 a Kusinara. Almajiransa da suka bar duniya suka bi shi ana kiransu "biku", watau mai bara, don kowace safiya sukan ɗauki ƙoƙo su shiga gari neman abinci. Da ka aka riƙa haddace maganganunsa, sai a ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa aka rubuta su a kan ganyen kaba a tsibirin Siri Lanka, cikin harshen Pali. Yau mabiya addinin sun haura miliyan 300, yawancinsu a ƙasashe kamar su Tailan da Bama da Siri Lanka da Kambodiya da Sin da Japan. Abin mamaki, a Indiya inda addinin ya tsiro ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba.

Mu dai a nan Kano ta hanyar finafinan Indiya muka fara jin ƙamshin wannan magana. Iyayenmu za su tuna da fim ɗin Karma na Dilip Kumar da ya fito a 1986, da Karan Arjun na 1995, inda aka kashe 'yan'uwa biyu, aka sake haifarsu, suka dawo ɗaukar fansa. Sai dai waɗannan bisa fahimtar addinin Hindu aka yi su, aka kuma ƙara musu gishiri don 'yan kallo. Turawa ma sun ari kalmar, mu kuma muka tsince ta a wayoyinmu.

Ma'anar kalmar

A harshen Sanskirit "karma" ba ta nufin komai sai "aiki". A harshen Pali "kamma" ake cewa. Abin da ke biyo bayan aiki yana da nasa suna daban, "wipaka", watau nuna, irin nunar ɗan itace. Ashe ke nan mai cewa "karma ta kama shi" ya riga ya sauya wa kalmar mazauni, ya kira girbi da sunan shuka.

Ba Buda ne ya ƙago kalmar ba, ya tarar da ita. Malaman Hindu na zamaninsa, watau Barahmanawa, suna kiran yanka da hidimar wuta da suke yi wa mutane karma, suna cewa in an yi su daidai sai a sami rabo. Mabiya addinin Jain kuma suna ganin karma kamar wata ƙura ce da ke manne wa rai duk lokacin da mutum ya cutar da mai rai, ko da gangan ko da kuskure. Shi ya sa har yau wasu masu gudun duniyarsu ke share hanya kafin su taka, suna rufe baki da ƙyalle.

Sabon abin da Buda ya kawo shi ne, ya ce karma niyya ce. Mutum yakan ƙulla abu a zuciya, sa'an nan ya aikata shi ta ƙofa uku: jiki, da harshe, da tunani. Abin da ba a nufa ba, ba ya shiga lissafi. Akwai labarin wani makahon biku mai suna Cakkupala, wanda ya fito yana kai da kawowa da dare bayan an ɗauke ruwa, ya tattake ƙwari masu yawa. Da gari ya waye wasu baƙin biku suka ga gawarwakin ƙwarin suka kai ƙararsa. Buda ya tambaye su ko sun gan shi yana kisan, suka ce a'a. Ya nuna musu cewa yadda su ba su gan shi ba, haka shi ma bai ga ƙwarin ba, don haka ba shi da laifi.

Bari in kawo misali daga makaranta. Ɗalibai biyu sun ɗauki biron wani. Na farko ya zaci nasa ne, don kamarsu ɗaya. Na biyu ya san ba nasa ba ne, ya waiga hagu da dama ya zura a aljihu. Hannu iri ɗaya aka miƙa, biro iri ɗaya aka ɗauka, amma a wurin Buda na biyun kaɗai ya shuka wani abu.

Ya ce mugun aiki saiwa uku gare shi: kwaɗayi, da ƙiyayya, da ruɗu. Kyakkyawan aiki ma saiwa uku: sakin hannu, da son alheri ga kowa, da basira. Daga munanan saiwoyin nan ayyuka goma ke tsirowa. Uku na jiki: kisa, da sata, da fasiƙanci. Huɗu na harshe: ƙarya, da annamimanci, da zagi, da surutun banza. Uku na zuciya: ƙyashin abin wani, da mugun nufi, da karkatacciyar fahimta, wadda a cikinta har da cewa wai aiki ba shi da sakamako. Ku duba ku gani, harshe ne ya ɗauki kaso mafi yawa. Ga talakan mabiyi kuma, wanda bai bar gida ba, an ba shi alkawura biyar da yake maimaitawa: ba zai kashe mai rai ba, ba zai ɗauki abin da ba a ba shi ba, ba zai yi fasiƙanci ba, ba zai yi ƙarya ba, ba zai sha abin maye ba.

Yadda sakamako ke nuna

A koyarwar Buda ba wani alƙali da ke zaune yana yanke hukunci. Aiki da kansa yake haifar da sakamakonsa, kamar yadda wanda ya shuka gero ba ya girbin dawa. Wani dagaci mai suna Asibandakaputta ya taɓa zuwa ya ce masa akwai malaman da ke cewa suna iya kai mamaci sama ta hanyar hidimominsu, shin shi ma zai iya? Sai Buda ya ba shi misali da ƙaton dutse da aka jefa cikin tafki mai zurfi. Ko da duk gari sun taru a bakin ruwa suna roƙon dutsen ya taso, ba zai taso ba. In kuwa tulun man shanu aka fasa a cikin ruwan, tsingaro zai nutse, man ya taso, kuma ba roƙon da zai sa ya nutse. Ya ce haka mugun aiki da kyakkyawa suke. Duk da haka, a aikace za ka tarar mutanen Tailan da Siri Lanka suna ciyar da biku su ce sun ba mamatansu ladan.

Amma sakamakon ba awo ne na mudu da mudu ba, wanda za a ce ka mari mutum sau ɗaya, kai ma za a mare ka sau ɗaya. Buda ya kwatanta abin da dunƙulen gishiri. In ka jefa shi cikin moɗar ruwa, ruwan ba zai shawu ba. In ka jefa irinsa cikin kogin Ganga, ko mu ce madatsar ruwa ta Tiga, ba wanda zai ji ɗanɗanonsa. Ƙaramin laifi a wurin mutumin da zuciyarsa ƙuntatacciya ce, ba shi da wani alheri, yana iya halaka shi. Laifin nan dai a wurin wanda ya horar da kansa, alherinsa ya yalwata, sai ya taɓa shi kaɗan ya wuce. Darasin shi ne, gishirin da ya riga ya narke ba ya tsamuwa, amma mutum na iya ƙara ruwa.

Lokacin nuna kuma uku ne: ko a wannan rayuwa, ko a wadda ke biye, ko a wata can gaba. A nan ne maganar ta haɗu da babbar aƙidarsu ta sake haihuwa. Sun yarda cewa in mutum ya mutu sai a sake haifarsa a ɗaya daga cikin gidaje biyar ko shida: cikin mutane, ko dabbobi, ko fatalwa masu yunwa, ko gidan azaba, ko gidan ni'ima na sama, wasu kuma suna ƙara gidan wasu halittu masu faɗa da na saman. Ba gidan da ake dawwama. In guzurin aikin ya ƙare, sai a sake faɗowa wani wuri. Wannan kewaye shi suke kira "samsara". Burin ƙarshe a wurinsu shi ne a fita daga kewayen gaba ɗaya, ta hanyar tumɓuke saiwoyin nan uku, yadda ba sauran irin da zai tsiro. Wannan fita ita ce "nibbana", watau mutuwar wuta in itace ya ƙare.

Wani saurayi mai suna Suba ya tambayi Buda dalilin da ya sa mutane suka bambanta, wasu gajeren kwana wasu tsawon rai, wasu masu kuɗi wasu matalauta. Ya amsa masa da cewa kowa magajin aikinsa ne. Ya lissafa masa cewa kisa na kai ga gajeren kwana, cutar da masu rai na kai ga yawan ciwo, fushi na kai ga muni, rowa na kai ga talauci, girman kai na kai ga ƙasƙanci, ƙin tambayar masana kuma na kai ga daƙiƙanci. Wannan na ƙarshe ya kamata mu ɗalibai mu riƙe shi, ko ba mu yarda da sauran ba.

Haɗarin da ke cikin maganar

Mai hankali zai hango matsala tun daga nesa. In an ce talauci da ciwo gadon aikin wata rayuwa ne, ashe duk wanda ka gani cikin wahala sai ka ce shi ya jawo wa kansa. Yaron da aka haifa da ciwon sikila, ko wanda shan inna ya shanye wa ƙafa, me ya yi? Ko labarin makaho Cakkupala ɗin nan, ƙarshensa cewa aka yi wai a wata rayuwa shi likita ne da ya makantar da wata mata don ta hana shi ladan magani. A Indiya an daɗe ana amfani da irin wannan fahimta wajen danne mutanen da ake cewa ba a taɓa su, ana ce musu ƙasƙancinsu hakkinsu ne.

Sai dai Buda da kansa ya sa wa maganar linzami. Wani mai gudun duniya, Siwaka, ya tambaye shi ko gaskiya ne duk abin da mutum ke ji na daɗi ko zafi daga tsohon aikinsa yake. Ya ce masu faɗin haka sun wuce gona da iri. Ya lissafa dalilai takwas na ciwo bisa ilmin likitancin zamaninsa: ɗacin maɗaciya, da majina, da iska, da haɗuwar ukun, da sauyin yanayi, da rashin kula da jiki, da farmakin wani, sai na takwas nunar aiki. A wani wurin kuma ya sa ƙididdigar yadda karma ke nuna cikin abubuwa huɗu da ya ce duk wanda ya nace sai ya gano bakin zarensu, ba abin da zai samu sai hauka da ɓacin rai. Game da asali kuwa ya ce da aiki ake zama mai daraja ko maras daraja, haihuwa ba ta ba kowa wannan, kuma ya karɓi wanzami da mai kwasar shara cikin almajiransa. Wannan ne ya ja hankalin Dokta Ambedkar, shugaban kwamitin da ya tsara kundin mulkin Indiya, wanda shi kansa daga cikin waɗanda ba a taɓawa ya fito. Ran 14 ga Oktoba, 1956, a birnin Nagpur, ya shiga addinin Buda tare da dubban ɗaruruwan mutanensa, yana mai ƙin yarda da cewa wai aikin wata rayuwa ne ya sa aka haife su cikin wulaƙanci.

To, kun ga ke nan, ɗan ajinmu da ya nuna wanda ya faɗi da babur ya ce karma ce, ya yi da'awar sanin abin da mai koyarwar ma ya hana a yi da'awarsa. Bugu da ƙari, murna da masifar wani mugun nufi ne, yana cikin ayyuka goman da na lissafa. A ma'aunin masu kalmar, mai shewar ne ke shuka sabon iri a daidai lokacin.

Koyarwar kuma ba ta ce a naɗe hannu a jira abin da ya zo ba. Akwai labarin Angulimala, wani ɗan fashi a ƙasar Kosala da ke kashe matafiya yana rataya yatsunsu a wuya, abin da sunan nasa ke nufi ke nan. Ya haɗu da Buda, ya yar da makami, ya zama biku. Wata rana ya shiga gari bara, aka jefe shi, ya komo da fasasshen kai da fasasshen ƙoƙo da yagaggen mayafi. Buda ya ce masa ya daure, don abin da zai daɗe yana sha a gidan azaba ne ya zo masa a nan cikin sauƙi. In wannan ya yi kama da tatsuniya, akwai wanda tarihi ya tabbatar. Sarki Asoka ya ci ƙasar Kalinga da yaƙi wajen shekara ta 261 kafin haihuwar Annabi Isa. Shi da kansa ya sa aka sassaƙa a jikin duwatsu cewa an kashe mutum 100,000, an kwashe 150,000, kuma abin ya sa shi nadama mai tsanani. Daga nan ya bar yaƙin faɗaɗa ƙasa, ya koma gina rijiyoyi, da dasa itatuwa a bakin hanya, da samar da magani ga mutane da dabbobi. Ginshiƙin da ya kafa a Lumbini an gano shi a 1896, yana nan har yau.

Na san wani zai ce, in haka suke koyarwa, yaya aka yi da 'yan'uwanmu Musulmin Rohinja? Tambaya ce mai kyau. Daga watan Agusta na 2017 sojojin Bama suka afka wa garuruwansu a jihar Rakhine, mutum fiye da 700,000 suka gudu Bangaladash, kuma akwai wasu biku, irin su Wiratu, da suka daɗe suna hura wutar ƙiyayya. Wannan zalunci ne, kuma ya karya alkawari na farko cikin biyar ɗin nan. Shi ya sa Dalai Lama, shugaban mabiya Buda na Tibet, ya ce a shekarar da Buda na raye da ya taimaki waɗannan Musulmi. Mu da muka ga yadda wasu suka zub da jini da sunan addininmu a ƙasar nan, har cikin Babban Masallacin Juma'a na Kano a 2014, mun fi kowa sanin cewa koyarwa daban take da halin wasu masu da'awarta.

Mu kuma me muka gada?

Hausawa ba su jira Indiya ta koya musu cewa aiki na bin mai shi ba. Kakanninmu sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Sun ce tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Ta ɗaya gefen kuma sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya san hadisin farko na Arba'una a kan niyya yake magana, kuma Suratuz Zalzala ta koya mana cewa ba aikin da ke ɓacewa komai ƙanƙantarsa. Kisa da sata da zina da ƙarya da giya duk haramun ne a wurinmu. Har nan dai hanya ɗaya muke tafiya.

Amma mun rabu a wurare huɗu, kuma ba ƙananan wurare ba ne.

Na farko, Buda bai koyar da cewa akwai Mahalicci mai sakayya ba. A wurinsa abin na gudana ne da kansa. Mu kuwa mun yi imani Allah ne Mai sakayya, da saninsa da ikonsa da adalcinsa. Shi ya sa wanda aka zalunta yake cewa "Allah Ya isa".

Na biyu, mu rayuwa ɗaya muka sani a duniya, daga ita sai kabari, sai tashi, sai hisabi. Sake haihuwa, wanda malamanmu ke kira tanasuhi, Musulunci ya kore shi. Jariri a wurinmu da farar takarda yake zuwa, ba ya ɗauke da bashin kowa.

Na uku, muna da tuba da gafara da rahama. Dutsen da Buda ya ce ba zai taso ba, a wurinmu in Allah Ya so Yana iya yafe shi ɗungurungum. Kyakkyawan aiki ana ninka shi goma ko fiye, mummuna ana rubuta shi ɗaya, wanda ya yi nufin sharri kuma ya fasa don tsoron Allah, lada ma zai samu. Muna yi wa mamatanmu addu'a muna sa ran karɓuwa. Hakkin ɗan'adam ne dai ba a yafe shi sai mai shi ya yafe, kuma wannan shi ne alhakin da karin maganar nan ke gargaɗi a kai.

Na huɗu, masifa a wurinmu ba lalle horo ba ce. Tana iya zama jarrabawa, ko kankarar zunubi, ko ɗaukaka daraja. Annabi Ayuba (A.S.) ya yi jinya mai tsawo, ya rasa dukiya da 'ya'ya, alhali yana cikin zaɓaɓɓun bayin Allah. Haka nan jin daɗi ba lalle yarda ba ce, yana iya zama talala, wadda malamai ke kira istidraji. Wanda ya saci amsa ya ci jarrabawa, ya sami aiki, ya hau babbar mota, kada ku ce ya sha. Wanda ya yi karatu tsakaninsa da Allah ya faɗi, kada ku ce alhaki ne.

Daga ƙarshe, ina jan hankalin 'yan'uwana ɗalibai da mu san nauyin kalma kafin mu ara. Kalmar karma tana tafe da kayanta, watau sake haihuwa da sakayya ba tare da Mai sakayya ba, kuma waɗannan ba namu ba ne. In alhaki muke nufi, ga kalmar nan tamu ta gado, ta ishe mu. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne inda muke juya kalmar. Buda ya koyar da ita ne don mutum ya binciki niyyarsa, malamanmu ma suna karantar da hisabi ne don kowa ya ji tsoro wa kansa, amma mu mun mai da ita sandar dukan wanda ya riga ya faɗi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. In muka ga ɗan'uwa cikin wahala, aikinmu shi ne mu ce masa sannu, mu kama masa, mu bar sanin dalili ga Masanin gaibu. Iyayenmu kuma muna roƙonsu, in sun ji irin waɗannan baƙin kalmomi a bakinmu, su zaunar da mu su tambaye mu ma'anarsu, in ba mu sani ba a tura mu ga malamai.

Allah Ya sa mu shuka alheri, Ya kiyashe mu ɗaukar alhakin bayinSa, Ya ba mu sa'ar jarrabawar duniya da ta lahira, amin. Wassalam.